Kunama: yadda ake gane namiji da mace

Idan bazara ta kama, ɗakuna suka ɗauki zafi, jama'a suka fito da shimfiɗa tsakar gida, to lokacin kunama ya yi. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Agadas, da wuya a sami gidan da ba a taɓa kashe ta ba a gindin katanga, ko ƙarƙashin tabarma, ko cikin tarin itacen girki. Sau da yawa kuma bayan an kashe ta sai gardama ta tashi: namiji ne ko mace? Wani ya ce baƙar ita ce namiji, wani ya ce wadda ta fi girma ce namiji, wani kuma ya ce wadda harbinta ya fi zafi ita ce mace.

Masana ilimin dabbobi sun daɗe da warware wannan gardama. Launi ba ya nuna namiji ko mace, girma ma shi kaɗai bai isa hujja ba. Alamar da aka fi dogara da ita tana ƙarƙashin cikin kunama, wurin da ba kowa ke dubawa ba. Saninta na da amfani ga mai gida, domin mace ɗaya tana iya zuba ƴaƴa masu yawa a cikin ɗaki. Amma a wajen harbi, namiji da mace duka abin tsoro ne.

Inda ruɗanin ya samo asali

A harshen Hausa kalmar kunama mace ce. Ana cewa "ta harbe shi", "an kashe ta", ko da kuwa wadda ta yi harbin namiji ce. Akwai kuma duwu, wato babbar kunamar nan baƙa mai manyan hannuwa, wanda shi kuma ake kiransa da lafazin namiji. Wannan ya sa wasu ke ɗauka cewa duwu shi ne mijin kunama. Ba haka abin yake ba. Duwu nau'i ne mai zaman kansa, yana da mazansa da matansa, kuma ba ya barbara da jar kunamar da aka saba gani a gidaje.

Masana sun ƙididdige nau'o'in kunama fiye da 2,500 a duniya. A yankin Sahel da Sahara, waɗanda suka fi yawa ƴan gida ɗaya ne da ake kira Buthidae. A cikinsu akwai dangin Androctonus masu kaurin wutsiya, da dangin Leiurus masu launin rawaya da siririn jiki, waɗanda aka fi samu a arewa wajen hamada. Akwai kuma Hottentotta hottentotta, mai launin ƙasa-ƙasa da ya yi duhu, wadda ta bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma. Mafi shahara a cikin manyan baƙaƙen kunamu ita ce Pandinus imperator ta ƙasashen kurmi irin su Gana, Togo da Benin, wadda tsawonta ke kai santimita 20.

Saboda haka idan an ga kunamu biyu masu launi daban, abin da ya fi yiwuwa shi ne nau'insu ne ya bambanta. Namiji da mace na nau'i ɗaya kusan launinsu ɗaya ne. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: ba a kwatanta kunama da wata sai an tabbata nau'insu ɗaya, kuma dukansu sun gama girma.

Fasalin jikinta a taƙaice

Kafin a nemi alamun, yana da kyau a san sassan jikin. Kunama ƴar uwar gizo-gizo ce, ƙafafunta 8. A gaba akwai kai, wanda ƙoƙo ɗaya mai tauri ya rufe, da hannuwa biyu masu kama da awartakin maƙera, da su take kama abinci. Bayan kai sai gangar jiki mai gaɓoɓi 7. Daga nan sai wutsiya mai gaɓoɓi 5, a ƙarshenta akwai ƴar jakar dafi da ƙarin da take harbi da shi.

Idan aka duba ta ƙasa, daidai inda ƙafafun baya suka haɗu da jiki, za a ga abubuwa biyu a jere. Na farko wani ɗan murfi ne ƙarami a tsakiya, wanda ya rufe ƙofar haihuwa. Na biyu, nan take a bayansa, wasu abubuwa ne guda biyu masu kama da mataji, ɗaya ya nufi dama ɗaya ya nufi hagu, launinsu ya fi na sauran jiki haske. Can baya kuma akwai ƴan tsagogi 8, huɗu a kowane gefe, waɗanda ta nan take numfashi. Waɗannan tsagogin iri ɗaya ne ga namiji da mace, don haka ba a neman komai a wurinsu.

Alama ta farko: matajin ciki

Babu wata halitta da ke da irin wannan mataji sai kunama. Masana na kiransa pektin. Yayin da kunama ke tafiya, matajin na shafar ƙasa, yana gaya mata ko wurin yashi ne ko dutse, yana kuma ɗauko ƙamshin abin da ya wuce ta wurin. Namiji ya fi mace buƙatarsa, domin da shi yake bin sawun mace a cikin duhu, da shi kuma yake zaɓen wurin barbara.

Shi ya sa a mafi yawan nau'o'i matajin namiji ya fi tsawo, haƙoransa sun fi yawa, kuma kowane haƙori ya fi na mace tsayi. A wasu mazan, bakin matajin har leƙowa yake yi ta gefen jiki, ana iya hango shi ta sama idan kunamar na tafiya. Na mace gajere ne, haƙoransa ƙanana, kuma sau da yawa akwai ƴar tazara tsakanin tushen mataji da haƙorin farko. A namiji kuwa haƙoran kan fara tun daga tushe, har na dama da na hagu su kusa haɗuwa a tsakiya.

Masana ƙirga haƙoran suke yi ɗaya bayan ɗaya. Adadin ya danganta da nau'i: akwai masu ƙasa da 10 a kowane mataji, akwai masu fiye da 40. A dangin Androctonus da Leiurus, namiji yakan kai haƙora 30 ko ya haura, mace kuma galibi tana ƙasa da haka. A Pandinus imperator kuwa adadin bai kai 20 ba ga kowannensu, kuma na namiji da na mace sun yi kusa ƙwarai, har mace mai haƙora da yawa tana iya yin daidai da namiji mai haƙora kaɗan. A irin wannan nau'in tsawon haƙoran ake dubawa fiye da yawansu.

Akwai nau'o'in da mace ke da wata alama ta musamman a nan. A dangin Parabuthus, waɗanda suka fi yawa a gabashi da kudancin Afirka, tushen matajin mace yana da wani faffaɗan kunne da namiji ba shi da shi. A wasu ƴan dangin Uroplectes kuma haƙorin farko na mace ya fi sauran girma nesa ba kusa ba.

Alama ta biyu: murfin ƙofar haihuwa

Ɗan murfin da ke gaban mataji shi ne wuri na biyu da ake dubawa. Ɓangare biyu gare shi, dama da hagu. A nau'o'i da dama, ɓangarorin na mace a manne suke, suna buɗewa tare kamar murfi guda, na namiji kuma a rabe suke. Idan aka ɗaga murfin namiji za a tarar da wasu ƴan tsiro guda biyu masu laushi a ƙarƙashinsa, waɗanda mace ba ta da su. Inda aka same su, magana ta ƙare, namiji ne. Sai dai ganinsu yana buƙatar madubin ƙara girma, kuma a kan matacciyar kunama ake yin wannan binciken.

Siffar murfin ma takan bambanta. A Pandinus imperator, na namiji ya yi kama da ƙwai a kwance, na mace kuma yana da ɗan tsini ta baya, kamar zanen zuciya. Masu kiwon wannan nau'in a Turai da Amurka da wannan alamar suka fi amfani. Fataucinsa daga Afirka ta Yamma ya yi yawa har aka sa shi a 1995 cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu.

Alamun da ake gani ta sama

Wanda bai juya kunama ba ma yana iya samun abin da zai yi hasashe da shi, muddin akwai wata ta nau'inta da zai kwatanta.

Gangar jiki: mace ta fi faɗi da nauyi, namiji ya fi sirantaka. Mace mai ciki takan kumbura har ɓawon bayanta ya rarrabu, farar fatar da ke tsakanin gaɓoɓi ta bayyana. Idan haihuwa ta kusa, a nau'o'i masu hasken fata ana iya hango ƴaƴan kamar ƙwayoyin shinkafa ta gefen cikinta. Amma namijin da ya ci ya ƙoshi shi ma yakan kumbura, haka ma ƙaramar kunamar da ke shirin yin saɓa. Kumburi shi kaɗai ba shaida ba ne.

Wutsiya: a nau'o'i da yawa wutsiyar namiji ta fi tsawo idan aka gwada da jikinsa, gaɓoɓinta kuma sun fi miƙewa. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a dangin Hadogenes na kudancin Afirka, masu zama cikin tsagar duwatsu. Namijin wani nau'insu yana kai santimita 20 da ɗoriya, kuma yawancin tsawon nan wutsiya ce siririya. A kunamun Sahel bambancin bai kai haka ba, sai an lura sosai.

Hannuwa: a nau'o'i da dama na gidan Buthidae, idan baligin namiji ya rufe awartakinsa akan ga ɗan rami ko giɓi a gindin yatsun biyu. Na mace kuwa yatsun kan haɗu daga gindi har baki, ko kuma giɓin ya zama ƙarami. Masana na danganta wannan da yadda namiji ke riƙe hannuwan mace a lokacin barbara. A wasu nau'o'in hannun namiji ya fi kauri, a wasu kuma ya fi tsawo da sirantaka, saboda haka babu ƙa'ida ɗaya da ta hau kan kowa.

Ƙananan kunamu

Kunama ba ta girma sai ta hanyar saɓa, kamar yadda maciji ke yi. Takan tuɓe ɓawonta sau 5 zuwa 7 kafin ta balaga, abin da ke ɗaukar watanni a wasu nau'o'in, shekaru a wasu. Yawancin alamun da aka ambata, wato tsawon wutsiya, giɓin hannu da faɗin jiki, ba sa bayyana sosai sai bayan saɓar ƙarshe. Kafin nan ƙaramin namiji kamar mace yake.

Abin da ba ya sauyawa shi ne adadin haƙoran mataji. Da shi ake haihuwar kunama, da shi take mutuwa. Don haka ko a ƙaramar kunama ana iya gane namiji ko mace ta ƙirga, idan nau'in na daga cikin waɗanda adadin maza da na mata ya yi nisa da juna.

Hasken fitila ma ba ya rabewa. Kunama na sheƙi da launin kore-shuɗi idan aka haska ta da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita, kuma masu bincike da ita suke neman kunamu da dare. Namiji da mace sheƙinsu ɗaya. Waɗanda ba sa sheƙi su ne jarirai sabbin haihuwa da wadda ta yi saɓa ɓawonta bai riga ya yi tauri ba.

Barbara da haihuwa

Dalilin duk waɗannan bambance-bambance yana fitowa ne a yadda kunamu ke barbara. Namiji ne ke fita yawon neman mace da dare. Idan ya same ta yakan girgiza jikinsa don ta san ba abinci ba ne, sannan ya kama hannuwanta da nasa. Daga nan sai su shiga tafiya gaba da baya, fuska da fuska, kamar masu rawa. Masanin ƙwari na Faransa Jean-Henri Fabre ya yi dogon bayani a kan wannan rawa a farkon ƙarni na 20, bayan ya daɗe yana lura da kunamun kudancin ƙasarsa. Rawar na iya ɗaukar mintoci, tana iya kai sa'o'i.

A duk tsawon lokacin matajin namiji na share ƙasa yana neman wuri mai tauri da santsi, kamar dutse ko guntun itace. Idan ya samu sai ya manna wani ɗan ƙunshi mai ɗauke da maniyyi a wurin, ya jawo mace har ƙofar haihuwarta ta hau kansa, ƙunshin ya buɗe. Da an gama sai ya sake ta ya yi nesa. Ana yawan cewa mace na cinye namiji bayan barbara. Hakan na faruwa, amma ba kullum ba, kuma an fi ganinsa inda aka kulle su a wuri ɗaya namijin ya rasa hanyar gudu.

Kunama ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Cikin yana ɗaukar watanni kaɗan a wasu nau'o'in, a wasu kuma ya haura shekara. Yawan ƴaƴan ya kama daga ƙasa da 10 zuwa kusan 100, amma an fi ganin 20 zuwa 30 da wani abu. Ana haifarsu farare masu laushi, su hau bayan uwar su zauna. A wannan lokacin ba sa cin abinci, ba sa iya harbi. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai su yi saɓar farko, jim kaɗan kuma su watse, kowa da ƙarinsa da dafinsa.

Wannan ita ce alamar da ba ta buƙatar madubi ko ƙirga: duk kunamar da aka gani da goyo mace ce. Namiji ba ya ɗaukar ƴaƴa, ba ya ma zama kusa da su.

Shin ƴaƴan na cinye uwarsu?

Magana ce da ta yaɗu a ƙasashe da yawa, cewa kunama haihuwa ɗaya take yi, ƴaƴan su fasa bayanta su fito, ko su cinye ta kafin su sauka. Masu kiwon kunamu a ɗakunan bincike sun ga akasin haka. Ƴaƴan ta ƙofar haihuwa suke fitowa, uwar ta tare su da ƙafafunta na gaba har su hau. Bayan sun watse tana ci gaba da rayuwa, tana kuma iya sake haihuwa. A wasu nau'o'in ma takan ajiye maniyyi a jikinta, ta haihu fiye da sau ɗaya daga barbara guda. Idan akwai mai cin wani, to uwar ce kan ci wasu daga cikin ƴaƴan idan yunwa ta matsa mata ko aka dame ta.

Abin da ke ƙarfafa wannan magana a idon mutane shi ne saɓa. Ɓawon da kunama ta tuɓe yana nan da siffarta cif, da ƙafafu da hannuwa da wutsiya, amma cikinsa fayau. Wanda ya tsince shi a ƙarƙashin dutse zai iya rantsewa gawar uwa ce da aka cinye.

Matan da ke haihuwa ba namiji

Akwai nau'o'in kunama ƙalilan da mace ke iya haihuwa ba tare da ta taɓa haɗuwa da namiji ba. An fara tabbatar da haka a 1962 a kan wata kunamar Brazil mai suna Tityus serrulatus, wadda kusan duk inda aka same ta a birane mata ne zalla. Daga baya masana sun tabbatar da irin wannan hali a wasu rukunonin Hottentotta hottentotta ta Afirka ta Yamma.

Abin lura a nan shi ne, a irin waɗannan nau'o'in mace ɗaya da ta shigo gari cikin lodin itace, ko buhun gawayi, ko tubalin gini, ta isa ta kafa zuri'a. Ko a sauran nau'o'in ma, macen da ta riga ta yi barbara kafin a ɗauko ta haka take.

Wa ya fi dafi?

Namiji da mace duka suna da jakar dafi da ƙari, duka suna harbi. Bincike a kan wasu nau'o'in nahiyar Amurka ya nuna cewa sinadaran dafin maza da na mata sukan ɗan bambanta. A wani nau'i na Amurka mai suna Centruroides vittatus an lura cewa mata, da yake nauyi na hana su gudu, sun fi saurin tsayawa su yi harbi, maza kuma sun fi saurin tserewa. A ɗaya gefen, maza ne suka fi yawo a lokacin barbara, don haka sukan faɗa cikin ɗakuna da takalma. Babu ɗayan waɗannan da ya sa harbin wani ya zama abin rainawa.

Abin da ke sa harbi ya yi muni abu uku ne: nau'in kunamar, yawan dafin da ta zuba, da jikin wanda aka harba. A cikin nau'o'i fiye da 2,500, waɗanda ke iya kashe mutum ba su wuce 25 zuwa 30 ba, kuma kusan dukansu ƴan gidan Buthidae ne, har da Androctonus da Leiurus da ake samu a arewacin Nijar. Wani nazari da masana biyu na Faransa, Jean-Philippe Chippaux da Max Goyffon, suka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa kunama na harbin mutum fiye da miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, fiye da 3,000 kuma na mutuwa. Yara ƙanana ne suka fi shiga haɗari, saboda dafin da babba zai jure ya yi wa ƙaramin jiki yawa. A jihar Agadas, ma'aikatan lafiya sun san harbin kunama a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo yara asibiti cikin mawuyacin hali a watannin zafi.

Alamar da ta fi amfani ga mai gida ita ce ta hannu da wutsiya. Kunama mai siraran hannuwa da kakkaurar wutsiya da dafinta take dogara, ita ce abin tsoro. Mai manyan hannuwa da siririyar wutsiya, irin duwu, da ƙarfin hannunta take kama abinci, harbinta galibi zafi ne kawai. Ƙa'ida ce ta gaba ɗaya, tana da togiya, kuma launi ba ya cikinta: akwai baƙaƙen Androctonus masu mugun dafi.

Yadda za a duba ba tare da haɗari ba

Ba a taɓa kunama da hannu don a ga cikinta, ko da an ga kamar ta mutu. Wadda aka buga ta sandare tana iya motsa wutsiya ta yi harbi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kifa mata kwalba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta, a zura kwali mai kauri ta ƙasa, a juya kwalbar a rufe. Daga nan sai a ɗaga a duba ta gindi, da rana ko da fitila. Hoton wayar salula na taimakawa ƙwarai: a ɗauka ta ƙasan kwalbar, a faɗaɗa hoton, a ƙirga haƙoran a natse. Idan matacciya ce, da dogon tsinke ko awartaki ake juya ta. Wannan ba aikin yara ba ne.

Idan binciken ya nuna mace ce, musamman mai ciki ko mai goyo, ko kuma aka fara ganin ƙanana da yawa masu girma ɗaya, to akwai buƙatar a bincika gidan da kyau. A ɗaga tabarmi da buhuna, a nisantar da tarin itace, tubali da duwatsu daga ɗakin kwana, a toshe tsagogin bango da na daɓe. Idan an buge mai goyo ƴaƴan kan zube su warwatse, don haka a share wurin gaba ɗaya. Kakkaɓe takalmi da tufafi kafin sawa, kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, da riƙe fitila yayin fita da dare, duk suna rage harbi.

Idan an yi harbi

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a sa abu mai sanyi, a kwantar da hankalin wanda aka harba. Ba a tsaga wurin da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. Mafi yawan harbin da ake yi wa manya zafi ne da ke lafawa da kansa cikin sa'o'i, shi ya sa kowane irin maganin gida ke samun masu yaba shi. Haɗarin yana wajen jinkirin da ake yi idan yaro ne.

Duk yaron da kunama ta harba a kai shi gidan likita nan take, ba sai an jira alamu ba. Babba ma a gaggauta kai shi idan aka ga zufa mai yawa, amai, dalalar miyau, karkarwa, bugun zuciya da sauri, ko wahalar numfashi. Idan an kashe kunamar, a tafi da ita cikin kwalba ko a ɗauki hotonta, domin sanin nau'inta na taimaka wa ma'aikatan lafiya. Ko namiji ce ko mace, magani ɗaya ne, kuma a lokacin nan ba a ɓata minti ɗaya wajen ƙirga haƙoran mataji.